Tsuntsayen Hajiya Ramatu

Ban taɓa mantawa da safiyar da aka zare mini baj daga wuya a kan duwatsun bakin teku ba, alhali abin da na je ɗauka tsuntsaye ne. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya kun sha jin labarin a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake sa masa. Yau ku ji shi daga bakin mai shi.

Sunana Lawali. A unguwar Treichville aka haife ni, mahaifina mutumin Maraɗi ne, kuma a shagonsa na koyi riƙe kyamara. Hoton biki da na suna da na katin shaida su ne aikin da kowa ya san ni da shi, amma abin da ke riƙe da gidana a lokacin aikin tashar jirgin ruwa ne. Ga yadda yake, don waɗanda ba su taɓa shiga ba. Idan kwantena ta sauka a lotse, ko ruwa ya shige ta, mai fitar da kayan yakan kira mutumin inshora ya zo ya duba, a zo da mai hoto. Sai ka ɗauki lambar kwantenar, ka ɗauki hatimin ƙofa kafin a fasa shi, ka ɗauki inda ta lotse, sannan kayan da suka lalace. Ba ka shiga sai da baj, wato katin izini mai hotonka da ake ratayawa a wuya, kuma sai an bincike ka kafin a ba ka. Doka ɗaya ce ake nanata maka ranar karɓa: kwantenar da aka kira ka dominta ita kaɗai za ka ɗauka. Ban da jirage, ban da ƙofofi, ban da masu tsaro. Wani mai fitar da kaya, Mushe Kone, wato Malam Kone a bakin masu Faransanci, shi ne ke kirana kusan kullum.

A farkon wata shekara, bayan korona ta lafa, Hajiya Ramatu ta aiko in same ta a shagonta na atamfa a kasuwar Adjamé. Babbar 'yar kasuwa ce, mutuniyar Tawa, ta girmi mahaifiyata. Bukukuwan 'ya'yanta duk ni na ɗauka, kuma mai hoton da ta kira shi rabin layinsu ke kira. Na je da tunanin wani auren ne ya taso.

Ina shiga ta kori masu jiran shago, ta ja ni ɗakin ajiya na baya, ta ƙure muryar rediyo. Tun daga nan jikina bai ba ni ba.

Ta ce, “Lawali, tsuntsaye nika so ka ɗauko mini. Hwararen nan na teku masu baƙar hula, masu wutsiya kamar almakashi.”

Na yi dariya, na zaci zolaya ce. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta kwance bakin zane ta fito da sabon katin kyamara a cikin ledarsa, ta ce a kansa zan yi aikin, in na gama in miƙo mata shi. Ba zan kwafa ba, ba zan tura ta waya ba, ba zan gaya wa kowa ba, har matata.

Na ce, “Hajiya, me za ki yi da hoton tsuntsu?”

Ta ce, “Kai mai hoto ne ko ɗan sanda?”

Na koma gida ina ta saƙe-saƙe. Wanda ya yi aiki a tasha ya san akwai masu sauke kaya daga jirgi zuwa kwalekwale tun jirgin yana can waje, kafin duwan, wato 'yan kwastan, su gani. Irin waɗannan mutane suna son sanin wane jirgi ne ya tsaya a ina. Kuma wurin da tsuntsayen nan ke taruwa shi ne bakin mashigar Vridi, inda aka jibge manyan duwatsu suka yi tsawo kamar katanga, jirage na wucewa ta gabansu. Na ce a raina, tsohuwar nan so take ta fake da tsuntsu. Amma ƙin aikin Hajiya Ramatu ƙin aikin rabin Adjamé ne. Washegari na koma na amsa mata, da sharaɗin ba za mu wuce allon da ya raba wurin masu kamun kifi da wurin da ake tsaro ba. Na kuma gaya mata sai da sassafe, domin farin tsuntsu in rana ta ɗaga ƙonewa yake a hoto, ya zama farin tabo ba gashi ba ido.

Ranar Asabar ina idar da sallar asuba na ɗauki jaka da doguwar tabarau ta kyamara da ƙafar nan uku da ake ɗora ta. Na rataya baj ɗina a wuya, da tunanin in wani ya tambaya ya ga ni ɗan gida ne. Ban zaci za ta zo da kanta ba. Sai ga ta a tasi, da ƙaton mayafi da silifas na roba, ta ce ba ta aiken ido.

Hawan duwatsun nan ba wasa ba ne. Santsi gare su saboda gansakuka, igiyar ruwa na dukan gindinsu tana feso gishiri, ga iska. Na riƙe kaya da hannu ɗaya, na riƙe Hajiya da ɗaya, tana haki tana salati har muka kai wani falalen dutse mai faɗi. Na kafa ƙafa uku, na goge tabarau, na juya wa gabas kafaɗa don hasken ya zo mana ta gefe.

Gaskiya ita ce, da rana ta ɓullo na ɗan manta da zargina. Sama ta yi ja, ruwan ya ɗauki launin, sai ga tsuntsayen sun taso daga kan duwatsu gaba ɗaya suna kuka. Bakinsu ruwan goro, fukafukai dogaye sirara. Ɗaya zai tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike, ya sunkuyar da kai, sannan ya faɗo ruwa kamar an jefo dutse, ya taso da ɗan kifi. Na yi shekaru ina ce wa mutane su tsaya kar su motsa, ga abin ɗauka da ba ya jin magana. Na ƙara saurin kyamara, na bi su ina ta dannawa, yawanci wutsiya kawai nake samu ko sama fayau.

Hajiya na tsaye a kaina tana leƙe. “Ban son mai kihi a baki. Ban son wanda ya rufe hiffike. Biyu nika so, suna tashi tare, wutsiya a buɗe.”

Zargin ya dawo mini sabo. Me ya sa sai biyu? Alama ce ga wani? Ga jirage sun yi layi can cikin teku suna jiran a shigo da su, kuma duk inda tsuntsu ya bi, in ka bi shi da doguwar tabarau, sai jirgi ya faɗo a bayansa.

A nan ne na lura da wani mutum. Masu kamun kifi na wurin na san irinsu, da gajeren wando da bokiti da ƙafa ba takalmi. Wannan kuwa takalminsa sau-ciki ne mai sheƙi, sandar kamun kifinsa sabuwa fil, ya riƙe ta kamar lema, ko tana babu a jikin ƙugiyar. Ruwa yake fuskanta amma idonsa na kanmu, kuma duk bayan ɗan lokaci sai ya matso dutse ɗaya. Na ce shi ke nan, ɗan sandan farin kaya ne, an daɗe ana bin Hajiya.

Na raɗa mata. Ta waiga sau ɗaya, fuskarta ta canza, ta ja mayafi.

“Wane ɗan sanda! Isuhu ne, dillalin Hajiya Mariya. Ya biyo tasi nau. Maza juya kan abin ga wajen jirage.”

Na ce, “Hajiya, jirage fa?”

Sai a lokacin ta fasa mini ƙwan, cikin raɗa da sauri. Zanen atamfa za ta fitar na Sallar layya, nata na kanta, da tsuntsayen nan a jiki. Ku da ba ku san kasuwar atamfa ba, ga abin da ke ciki. Babbar 'yar kasuwa takan kai wa masaƙa zanen da ta ƙirƙiro, a buga mata ita kaɗai, ta zuba dukiyarta a ciki. Ribarta duka tana cikin makonnin farko, kafin a kwaikwaya. In kishiyar sana'a ta ji ko da sunan abin da ke jikin zanen ne, sai ta riga ta bugo mai araha, kayanki su iso su tarar mata sun riga sun ɗaura. Hajiya Mariya, mai shagon da ke kallon nata, ta taɓa yi mata haka. Wato a wajen Hajiya Ramatu tsuntsun shi ne asiri. Jirgi kuwa abin banza ne, wace 'yar kasuwa ce ba ta zuwa leƙen jirgin da ke ɗauke da kayanta?

Na ji sanyi a raina cewa ba fasa-ƙwauri ba ne, na kuma ji wani sabon tsoro. Na ce mata ba zan juya ba, ɗaukar jirgi a nan shi ne laifin da ake karɓe baj a kansa. Ba ta ma saurare ni ba, hankalinta na kan Isuhu. Ta miƙe tsaye, ta nuna wani ƙaton jirgi da ake jawowa cikin mashiga, ta ɗaga murya yadda har masunta sai da suka waigo.

“Wancan jirgin! Ɗauke mini shi da kyau, har sunanshi ya hito!”

Ba Isuhu kaɗai ya ji ba. Masu tsaro biyu ne ke zagayen safe ta bayanmu, ƙarar ruwa ta hana mu jin takunsu. Babbansu ya gaishe mu da Faransanci cikin ladabi, ya tambayi abin da muke ɗauka. Kafin in buɗe baki Hajiya ta riga ni.

“Les bateaux, chef! Jirage muka ɗauka, jirage kawai.”

Har da murmushinta, wai ta kashe magana. Mai tsaron ya dubi doguwar tabarau, ya dubi baj ɗin da ke ƙirjina, ya karanta sunana a hankali. Ya ce ni da nake da wannan ai na fi kowa sanin doka. Ya miƙo hannu, na sunkuyar da kai ya zare shi.

Na ce ya duba hotunan da kansa. Ina faɗa na ga Isuhu ya saki sandarsa ya matso har yana leƙe ta kafaɗar mai tsaro na biyu, wai shi mai kallo. Hajiya ta kafe ni da ido. Ba harara ba ce, roƙo ne, kuma ban taɓa ganin matar nan tana roƙon kowa ba. Kalma ɗaya ce a bakina, in na furta ta da ƙarfi na tsira, ita ta nutse. Na cire rigata ta sama, na ce wa mai tsaron hasken rana ba zai bar shi ya ga gilashin ba, na lulluɓe kaina da nasa da kyamarar. A cikin rigar na raɗa masa cewa tsuntsaye ne, ya yi wa Allah kar ya faɗa.

Ya yi ta wucewa da hotunan. Tsuntsu, tsuntsu, rabin tsuntsu, sama, tsuntsu. Amma a bayan da yawa daga cikinsu ga jirgi nan, wani dishi-dishi, wani har ana karanta rubutun jikinsa. Ya fito da kai daga rigar ya dube ni. A hankali ya ce, madam ta ce abu ɗaya, ni na ce wani, hoto kuma ya nuna duka biyun. Sai mu je ofis.

Shugaban ofishin dattijo ne mai furfura, bai ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya. Ya ba ni kujera, ya sa aka rufe ƙofa, na gaya masa komai. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Mushe Lawali, sa kanka a matsayina. Mutum ya taso da asuba, da tabarau mai hango sunan jirgi daga nesa, ya ce mini tsuntsu ya zo ɗauka don a yi zane. Wadda ta ɗauke shi aiki kuma ta ce jirage, a gaban shaidu. Kai za ka yarda?”

Na ce gaskiya da wuya.

Ya ce hanya ɗaya ce. Madam ta shigo ta janye maganarta a rubuce, ta kawo shaidar zanen, a mayar mini da baj a ranar. In ba haka ba yana nan a aljihun teburinsa. Hotunan da jirgi ya fito a ciki ya sa na goge su a gabansa, waɗanda sama ce kawai a bayansu ya bar mini. A cikinsu akwai guda ɗaya, tsuntsaye biyu sun tashi tare, wutsiya a buɗe, hasken safe ya ratsa fukafukansu.

Na fito na tarar da Hajiya a zaune a kan benci. Na gaya mata. Ta girgiza kai.

“A rubuce? Wa zai buga takardar? Sakatare. Matar sakatare ina taka sayen zane? Adjamé. Lawali, ka yi haƙuri hal kaya su sauka.”

Na ce, “Hajiya, abincin gidana ne fa.”

Ta ce, “Na sani, ɗana. Nau kuma duk abin da na tara ne.”

Na miƙa mata katinta. Raina ya ɓaci ƙwarai, har ban iya yi mata sallama ba.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Mushe Kone ya kira ni sau ɗaya, na ce baj ɗina na da 'yar matsala. Ya ce yako, wato sannu, ya ɗauki wani mai hoton, domin kwantena ba ta jiran kowa. Magana ta zaga Treichville cewa an kama Lawali da 'yan fasa-ƙwauri. A masallaci gaisuwa ta gajarce. Matata Hadiza ta tambaye ni har ta gaji, na ce aikin mutane ne, ta ce wane irin aiki ne wanda mata ba za ta ji ba? Ita ma ta fara kallona wani iri. Ni kuma na koma zargin kowa. Duk wanda ya shigo shago ya cika tambaya sai in ce turo shi aka yi.

Kuma an turo. Isuhu da kansa ya zo ɗaukar hoton katin shaida, ya zauna ya gyara wuyan riga, ya ce cikin wasa, “Wai wane irin jirage ne Hajiya ke so haka?” Na san in na ce masa tsuntsaye ne, asirin ya fashe, Hajiya ba ta da sauran abin ɓoyewa, baj ɗina ya dawo a makon. Na daɗe ina kallonsa ta cikin kyamara. Sannan na ce, “Manya. Ɗaga haɓa kaɗan.”

Ana saura 'yan makonni Sallah kayan Hajiya suka fito. Shuɗi mai duhu, da farin tsuntsaye biyu-biyu, bakinsu ruwan goro. Matan kasuwa, da ba sa barin zane ba suna, suka raɗa masa “Mu tashi tare.” A shagon da ke kallon nata kuwa Hajiya Mariya ta riga ta baje nata sabon zanen: jirgin ruwa ƙato, da hayaƙinsa, da kwantenoni a jere. Na ji wata mata tana cewa ita ba za ta ɗaura tasha a ƙugu ba. Allah ya yafe mini, na yi dariya har da hawaye.

Ranar da ta buɗe dilar farko, kafin ta sayar da ko yadi ɗaya, Hajiya Ramatu ta ɗauki turmi ta zo shagona ta ce in taso. A ofis ta warware shi a kan teburin dattijon, ta sa hannu a duk inda aka nuna mata. Ya dubi zanen, ya dube ni, ya buɗe aljihun tebur ya miƙo mini baj ɗina. Ya ce in yi haƙuri, aikinsa ya yi. Na ce na sani.

Daga nan na wuce wurin Mushe Kone da baj a wuya. Ya yi murna, ya ba ni kofi, ya ce ai bai taɓa yarda da maganar mutane ba. Sannan ya ce sabon mutumin nasa yana da iyali shi ma, kuma bai yi masa laifin komai ba. In aiki ya yi yawa zai neme ni. Aikin bai taɓa yin yawa ba.

Ranar Sallah na tsaya a bayan kyamara tun safe har yamma, mata na shigowa ɗaya bayan ɗaya da tsuntsayena a jikinsu, har da Hadiza, da turmin da Hajiya ta aiko mata. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, na kuma ji ɗaci, duka a lokaci guda.

Abin da na koya shi ne, kowace sana'a da abin da take ɓoyewa, kuma abin da yake wasa a kasuwa laifi ne a tasha. Mutanen nan ba mugaye ba ne, kowa ƙofarsa yake tsarewa, mai hoto ne ke tsaye a tsakiya da kyamara a hannu. Saboda haka kafin ku ɗaga ta, kada ku tsaya ga tambayar me za a ɗauka. Ku tambayi mai aikin me zai ce in an tambaye shi, ku ji amsar da kunnenku tun kuna gida. Hajiya Ramatu har yau ba ta ga abin da ta yi ba. Duk sanda muka haɗu sai ta ce, “Ni mi na ce? Jirage kawai na ce.” Ni kuma in gaishe ta da ladabi, in koma shagona in jira masu hoton katin shaida.